Tarin fuka a Nijar: yadda ake gano shi, yadda ake warkar da shi, da inda aiki ya rage

Tarin fuka, wanda wasu ke kira tarin tibi, na cikin tsofaffin cututtukan da ɗan Adam ya sani. An gano ƙwayar da ke haddasa shi tun 1882, an samu maganinsa na farko a shekarun 1940, kuma a yau yawancin waɗanda suka sha ƙwayoyinsu wata shida ba fashi suna warkewa sarai. A Nijar maganin kyauta ne. Duk da haka cutar na ci gaba da kashe magidanta da matan aure da yara ƙanana, daga Yamai har Diffa. A wurare biyu ake yin asarar: tsakanin ranar da mutum ya fara tari da ranar da aka auna kakinsa, sai kuma tsakanin wata na biyu na shan magani, lokacin da ya fara jin ƙarfi, da ƙarshen wata na shida. Duk ƙoƙarin kyautata yaƙi da cutar ya ta'allaƙa ne a kan toshe waɗannan kafofi biyu.

Mece ce cutar, kuma yaya ake ɗaukarta

Wata ƙwayar cuta ce mai suna Mycobacterium tuberculosis ke kawo tarin fuka. Likitan Jamus Robert Koch ya bayyana gano ta ranar 24 ga watan Maris na 1882, shi ya sa ake kiran ta BK a takardun gidajen likita na ƙasashe masu aiki da Faransanci, kuma shi ya sa ranar 24 ga Maris ta zama ranar yaƙi da cutar a duniya.

Ta iska take bi. Idan mai cutar a huhu ya yi tari, ko atishawa, ko magana, yana fitar da ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, su daɗe suna yawo cikin ɗaki. Wanda ya shaƙe su na iya kamuwa. Ɗaki rufaffe, marar taga, wanda mutane da yawa ke kwana ciki, shi ne wurin da ta fi samun dama. Hasken rana da iska mai ratsawa suna rage ta ƙwarai. Ba a ɗaukarta ta hanyar gaisawa da hannu, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, kuma ba a gadonta. Abin da ke sa a ga kamar tana bin dangi shi ne zaman ɗaki ɗaya.

Shigar ƙwayar jiki daban, ciwo daban. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ke yin ciwon a tsawon rayuwarsu. Ga sauran, garkuwar jiki ta tsare ta, ba sa ciwo, ba sa shafa wa kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ranar da jiki ya yi rauni saboda yunwa ko wata cuta, ƙwayar da ke kwance takan tashi.

Alamun da aka fi sani su ne tari da ya wuce mako biyu, masassara musamman da yamma, zufa da dare har tufafi su jiƙe, rama, rashin son abinci, ciwon ƙirji, wani lokaci kaki da jini. Cutar kan kama wasu sassan jiki ban da huhu: kaluluwar wuya, ƙashin baya har ya lanƙwashe, ciki, ko rufin ƙwaƙwalwa inda take zama wani nau'in sanƙarau mai haɗari, musamman ga yara. Idan ba a yi magani ba, wajen rabin masu ciwon ne ke mutuwa.

Girman matsalar

Bisa alƙaluman OMS, mutum miliyan 10.8 suka yi ciwon tarin fuka a duniya a 2023, miliyan 1.25 kuma suka mutu. A shekarar ce ta sake zama cuta mai yaɗuwa da ta fi kowace kisa, bayan da Korona ta lafa. Waɗanda aka gano aka rubuta a rajista a wannan shekara miliyan 8.2 ne, ke nan fiye da mutum miliyan 2 ba su shiga lissafin kowace ma'aikatar lafiya ba.

A Nijar, ƙiyasin OMS na ƴan shekarun nan ya nuna wajen mutum 20,000 ne ke yin ciwon a kowace shekara. Waɗanda ke isa gidan likita a gano su ba su kai wannan adadi ba, dubbai na ɓacewa a tsakani. Wasunsu na mutuwa a gida, ana cewa sanyi ne ko sammu. Wasu na ci gaba da zuwa kasuwa da gona wata da watanni suna tari cikin jama'a. Ga kuma maƙwabciya Najeriya, wadda ke cikin ƙasashe takwas da suka tara kashi biyu cikin uku na masu cutar a duniya. Wanda ya san irin kai da kawowar da ake yi tsakanin Maraɗi da Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa iyaka ba ta tsayar da tari.

Tsarin da ke jagorantar aikin a ƙasar shi ne PNLT, shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, a ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya. A ƙasa kuma aikin yana hannun cibiyoyin awo da ba da magani da ake kira CDT, waɗanda ke cikin asibitocin gunduma da wasu CSI, sai babbar cibiyar ƙasa da ke Yamai.

Su wa suka fi shiga haɗari

OMS ta lissafa abubuwa biyar da suka fi buɗe wa cutar ƙofa: rashin isasshen abinci, ƙwayar cutar Sida, shan giya, shan taba da ciwon suga. A ƙasashen kudancin Afirka Sida ce kan gaba. A Nijar masu ɗauke da ƙwayar Sida ba su kai kashi 1 cikin 100 na manya ba, saboda haka tamowa da ƙarancin abinci sun fi nauyi a nan, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna. Wannan bai rage muhimmancin awon Sida ga duk mai tarin fuka ba, domin mai ɗauke da ita ya fi sauran mutane haɗarin yin ciwon fiye da ninki goma.

Akwai kuma wuraren da rayuwa kanta ke tara mutane cikin ƙunci. Gidajen kaso na kan gaba. Sai wuraren haƙar zinariya kamar Jado, Cibarakaten da Komabangu, inda samari ke wuni cikin ramuka suna shaƙar ƙurar dutse. Wannan ƙura tana lalata huhu har abada, kuma huhun da ta lalata ya fi saurin kamuwa. Ƴan cin rani da ke kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a Kano, Legas, Abijan ko Libiya sukan dawo gida da ciwon, su kwanta cikin iyali. Haka zaurukan kwanan almajirai da sansanonin ƴan gudun hijira a jihohin Diffa, Tilaberi, Tawa da Maraɗi.

Makiyaya da masu shan ɗanyen nono na da nasu haɗarin. Shanu na da irin tasu ƙwayar, Mycobacterium bovis, wadda ke shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo yana kashe ta.

Abin da ke jinkirta ganowa

Matsalar farko tana cikin sunan. A bakin mutane da yawa, fuka, ko huka kamar yadda ake faɗi a yammacin ƙasar Hausa, na nufin kowane ciwon ƙirji mai sa numfashi da ƙyar, har da asma. Mai tari yakan ɗauka sanyin hunturu ne ko ƙurar bazara. Ya fara da saiwa da sassaƙe, ya wuce wurin mai sayar da magani a tebur, ya sha maganin tari da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta iri-iri. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, irin su siprofloksasin, suna ɗan danne tarin fuka na kwanaki, mutum ya ji sauƙi, ciwon ya ɓuya, ranar awo ta ƙara nisa.

Ta biyu nisa ce. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a a karkara suke, kuma kusan rabinsu na zaune fiye da kilomita 5 daga gidan likita mafi kusa. Gidan likitan da ke kusa ma sau da yawa ba shi da ɗakin awo. Sai a tura mutum gunduma, ya biya kuɗin mota ko kabu-kabu, ya ba da kaki, a ce ya dawo gobe da na safe, ya sake dawowa karɓar sakamako. A kowace tafiya wasu na sarewa.

Ta uku kunya ce da tsoro. Akwai matan da ke ɓoye tari don gudun kada a ware musu kwano, ko a mayar da su gidan iyayensu, ko maganar auren ƴarsu ta lalace. Akwai waɗanda sai da izinin maigida da kuɗinsa za su fita. Maza kuma, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu cutar a duniya, sukan ƙi barin sana'a sai ciwo ya kayar da su.

Ta huɗu tana cikin gidan likita kanta. Majo ɗaya da ke duba mutane da yawa a wuni, a tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro, zai iya rubuta maganin tari ya sallami mutum ba tare da ya tambaye shi kwana nawa ya yi yana tarin ba. Wannan tambaya ɗaya, idan aka yi wa duk wanda ya shigo, tana cikin hanyoyi mafi araha na ƙara yawan waɗanda ake ganowa.

Hanyoyin awo

Awon kaki da madubin likita shi ne tsohuwar hanya, kuma har yanzu da ita yawancin CDT ke aiki. Ana shafa kakin a kan gilashi, a rina shi, a nemi ƙwayar. Ba ta da tsada, amma sai ƙwayoyin sun kai dubbai a cikin ɗan kaki kaɗan kafin a gan su. Don haka tana kuskure masu ciwon da yawa, musamman yara da masu Sida, kuma ba ta nuna ko ƙwayar na jin magani.

A watan Disamba na 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert. Ana zuba kaki cikin wani ɗan kwanso, a sa a na'ura, cikin awa biyu ta nuna abu biyu: ko akwai ƙwayar, da kuma ko tana bijire wa rifampisin, wato maganin da ya fi kowane ƙarfi. Shawarar OMS a yanzu ita ce irin wannan awo ya zama na farko ga duk wanda ake zargi. A Nijar ana samun na'urar a manyan biranen jihohi da wasu asibitocin gunduma. Kuɗin kwanso ɗaya ga ƙasashe masu tasowa ya daɗe a dalar Amurka 9.98, aka rage shi zuwa 7.97 a 2023.

Na'urar na da nata sharuɗɗa, kuma yanayin Sahel bai sauƙaƙa su ba. Tana son wutar lantarki da ba ta yankewa, ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, da kariya daga ƙura. A garuruwan da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan na nufin na'urar sanyaya ɗaki, batura, hasken rana da mai gyara. Na'urar da ta lalace ta zauna wata uku tana jiran kayan gyara daidai take da babu. Akwai wata mai suna Truenat, ƙirar Indiya, da OMS ta amince da ita a 2020, wadda ke aiki da batir kuma ta fi jure zafi, an yi ta ne domin ƙananan gidajen likita.

Tun da ba kowane CSI zai samu na'ura ba, dabarar da ƙasashe da yawa suka bi ita ce kaki ya yi tafiya maimakon marar lafiya. Ana karɓar kakin a gidan likitan ƙauye, a rufe shi da kyau, mai babur ko motar haya ta kai shi gunduma a ranakun da aka tsayar, sakamako ya dawo ta salula. Ingancin wannan sarƙa, daga robar zuba kaki har kuɗin man babur, shi ke nuna ko na'urar da ke birni tana amfanar mutumin ƙauye.

Hoton ƙirji, wanda ake kira radiyo a gidajen likita, na iya nuna ciwon tun kafin tari ya tsananta. Matsalarsa ƙarancin masu karanta shi. Tun 2021 OMS ta yarda a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƴan shekara 15 zuwa sama, kuma akwai ƙananan na'urorin ɗaukar hoto da ake iya kaiwa gidan kaso ko wurin haƙar zinariya. Hoto yana tace waɗanda ake zargi ne, awon kaki ke tabbatarwa. Ga masu Sida da jikinsu ya yi rauni sosai akwai kuma awon fitsari da ake kira LAM, mai ba da amsa cikin ƙasa da awa ɗaya.

Yara

Yara su ne aka fi mantawa. Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, haɗiye shi yake yi, kuma ƙwayoyin da ke jikinsa kaɗan ne. Alamunsa sun yi kama da na tamowa da ciwon haƙarƙari: ba ya ƙara nauyi, ba ya wasa, masassara ba ta barinsa. Yaron da ke kwance a CRENI, ana ba shi madara da abincin tamowa yadda ya kamata amma bai farfaɗo ba, ya cancanci a nemi tarin fuka a jikinsa, kuma a tambayi uwar ko akwai babba mai tari a gida.

An samu sauƙi uku a ƴan shekarun nan. Ana iya auna kashin yaro da GeneXpert, tun da kakin da ya haɗiye can yake fita. Akwai ƙwayoyi masu narkewa cikin ruwa, masu ɗanɗanon da yaro ke karɓa, an daina farfasa na manya. Sannan tun 2022 OMS ta ba da shawarar wata huɗu kawai ga yara daga wata 3 zuwa shekara 16 waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba.

Maganin wata shida

Magani kashi biyu ne. Wata biyu na farko ana shan haɗin magunguna huɗu: rifampisin, izoniyazid, pirazinamid da etambutol. Wata huɗu na baya ana shan biyu na farko kawai. An haɗa su cikin ƙwaya ɗaya, yawan ƙwayoyin kuma ya danganta da nauyin mutum, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli a kai a kai. Ana sha kullum, an fi so da safe kafin a ci abinci. Ana sake auna kaki a ƙarshen wata na 2, a wata na 5 da ƙarshen na 6. Wajen kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka bi wannan tsari suna warkewa, kuma bayan kamar mako biyu da fara maganin da ya dace, haɗarin shafa wa wasu yana raguwa ƙwarai.

Akwai abubuwan da ya kamata a gaya wa mutum tun ranar farko. Rifampisin na mayar da fitsari ja, wannan ba jini ba ne, ba abin tsoro ba ne. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, sai mace ta gaya wa ungozoma a sauya mata hanya. Jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa na da magani, bitamin B6. Amma idan ido ya yi rawaya kamar shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, ko fata ta yi ƙuraje masu yawa, a koma gidan likita a ranar. Mai ciki da mai shayarwa na shan maganin. Idan azumi ya zo, sai a yi shawara da majo a kan lokacin sha, kada a yanke.

Wurin da ake faɗuwa shi ne bayan wata na biyu. Tari ya tsaya, jiki ya fara cika, damina ta faɗi ko lokacin tafiya cin rani ya yi, sai mutum ya ajiye ƙwayoyi. Ƙwayar cutar kuwa ba ta gama mutuwa ba. Don hana wannan ne aka kafa tsarin shan magani a gaban shaida, wanda likita Karel Styblo ya gwada a Tanzaniya tun ƙarshen shekarun 1970, OMS kuma ta yaɗa shi da sunan DOTS bayan ta ayyana cutar a matsayin matsalar gaggawa ta duniya a 1993. Sai dai tilasta wa manomi ya yi tafiyar kilomita 15 kullum don haɗiyar ƙwaya na korar mutane. Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne a kawo shaidar kusa: ma'aikacin ƙaramin gidan likitan ƙauye, wakilin lafiya na gari, ko wani amintacce da aka horar. Wanda zai yi tafiya kuma ya faɗa tun da wuri, a ba shi takardar sauya cibiya ya ci gaba da sha a inda ya sauka.

Kyautar magani ba ta share duk ɗawainiya ba. Kuɗin mota, hoton ƙirji, abinci mai gina jiki da watannin da mutum bai yi aiki ba duk suna kan iyali. Binciken OMS a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin gidajen da cutar ta shiga na kashe fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Taimakon hatsi ko kuɗin mota, a inda ake yinsa, na cikin abubuwan da ke riƙe mutum har ƙarshen magani.

Tarin da ya bijire wa magani, da rawar da Nijar ta taka

Idan aka yi ta yanke magani, ko aka sha wanda bai cika ba, ƙwayar takan koyi jure rifampisin da izoniyazid. Wanda ke ɗauke da irin wannan kuma ita zai shafa wa na kusa da shi kai tsaye. A da, maganinta na ɗaukar wata 18 zuwa 24, da allura kullum tsawon watanni, allurar da ke kurmantar da wasu, kuma wajen rabin marasa lafiya ne kawai ke warkewa a duniya.

A nan Nijar ta shiga tarihin yaƙi da cutar. Ƙungiyar Action Damien ta ƙasar Beljiyam ta fara gwada gajeren tsari a Bangaladash, a ƙarƙashin likita Armand Van Deun. Daga 2008 PNLT da wannan ƙungiya suka fara aiki da irinsa na wata 12 a Nijar. Sakamakon da likita Alberto Piubello da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa cikin marasa lafiya 65 na farko, 58 sun warke, wato kashi 89 cikin 100, kuma ciwon bai dawo wa waɗanda aka ci gaba da bibiya ba. Daga baya Nijar ta shiga binciken ƙasashen Afirka tara, tare da Benin, Burkina Faso, Burundi, Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Kodebuwa, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Ruwanda, inda aka gwada tsarin wata 9 a kan mutum fiye da 1,000, sama da kashi 80 cikin 100 suka samu lafiya. Waɗannan sakamako na cikin hujjojin da OMS ta dogara da su lokacin da ta amince da gajeren tsari a watan Mayu na 2016.

Abin da ya kawo wannan nasara bai tsaya ga haɗin magunguna ba. An riƙa bin kowane marar lafiya a kusa, ana auna jinsa, ana taimaka masa da abinci da kuɗin mota, ana neman sa idan bai zo ba. Ana kula da irin waɗannan marasa lafiya a cibiyoyi na musamman a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Yanzu duniya ta bar allura ta koma ga ƙwayoyin sha zalla, bayan fitowar bedakilin a ƙarshen 2012, sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. Tun 2022 OMS ta ba da shawarar tsarin wata 6 da ake kira BPaLM ga yawancin masu wannan nau'i.

Rigakafi

Allurar BCG, wadda Albert Calmette da Camille Guérin na Faransa suka haɗa aka fara yi wa mutane a 1921, ana yin ta ga jariri da zarar an haife shi. Tana kare yara daga nau'o'i masu kisa kamar sanƙarau na tarin fuka, amma ba ta hana babba yin ciwon huhu. Ana kan babban gwajin wata sabuwar allura mai suna M72 tun 2024.

Kafin ta iso, rigakafin da ke hannu shi ne bin gidan duk wanda aka gano. A duba kowa da ke kwana tare da shi. Mai alamu a auna shi. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu Sida waɗanda ba su da ciwon a ba su maganin kariya, ko izoniyazid na wata shida, ko gajerun tsare-tsare na wata uku, ciki har da wanda ake sha sau ɗaya a mako har sau 12. Abinci ma rigakafi ne: wani babban bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka buga a 2023, ya nuna cewa ba iyalan marasa lafiya taimakon abinci ya rage sabon kamuwa da ciwon da kusan kashi 40 cikin 100. Ga ƙasa irin Nijar, wannan ya haɗa yaƙi da tarin fuka da yaƙi da tamowa wuri ɗaya.

Kuɗi da alƙawura

A 2014 ƙasashen duniya suka amince da manufar rage mace-macen tarin fuka da kashi 95 cikin 100, da sabon kamuwa da kashi 90 cikin 100 nan da 2035, idan aka kwatanta da 2015. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba 2023 sun yi alƙawarin kai magani ga kashi 90 cikin 100 na masu ciwon nan da 2027. A Nijar, kamar yawancin ƙasashen yankin, babban kaso na kuɗin magunguna da kayan awo na fitowa daga Asusun Duniya na yaƙi da Sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. Rage tallafin waje da Amurka ta yi a 2025 ya sa OMS ta yi gargaɗi a kan makomar shirye-shiryen yaƙi da cutar, musamman a Afirka. Yankewar ƙwayoyi na ƴan makonni a cibiya ɗaya na iya haifar da masu ciwon da ba ya jin magani, waɗanda jinyarsu ta ninka ta farko tsada sau da yawa. Wannan ne ya sa batun kason da kasafin kuɗin ƙasa da na ƙananan hukumomi ke ware wa cutar ya zama na gaggawa.

Abin da ke hannun kowa

Wani ɓangare na aikin na hukuma ne: na'urori masu aiki, jigilar kaki, magani da ba ya yankewa, awo a gidajen kaso da wuraren zinariya, da fahimtar juna da cibiyoyin da ke ƙetaren iyaka. Wani ɓangaren kuma na gari ne. Masu maganin gargajiya da masu sayar da magani su ne mai tari ke fara gani, idan suka saba tura shi awo za a rage watannin jinkiri. Hakimai, limamai da gidajen rediyon karkara na iya cire wa cutar kunyar da ke sa a ɓoye ta. Wanda ya warke shi ya fi kowa iya shawo kan wanda ke shirin ajiye ƙwayoyi.

A gida kuwa, ƙa'idojin kaɗan ne. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi CSI a nemi awon kaki. Mai ciwon ya rufe baki idan zai yi tari, a buɗe tagogi, ya riƙa zama a waje da rana, kada a ware masa kwano. A kai yaran gidan a duba su ko da lafiyarsu ƙalau. Magani kuma a sha shi har ranar da awon ƙarshe ya fito, likita ya ce an warke.